Ɗanki Gem Yake Bugawa Ko Gem Yake Ginawa? Ga Yadda Za Ki Gane Bambancin

A gidaje da yawa yau, babu rigimar da ta kai ta waya yawa tsakanin uwa da 'ya'yanta. Kin sa ta a caji, kin leƙa kicin ki duba tukunya, kafin ki dawo ta yi ƙafa. In kin bi sawu sai ki tarar da yaro a lungu ya duƙufa, data na zuba, batir na ƙonewa. Abin da ke fara zuwa bakin kowace uwa shi ne, "Kawo wayar nan, kullum gem, kullum gem!"

Kina da gaskiya ki damu. Sai dai kafin ki karɓe, ki ɗan leƙa fuskar wayar. Yara biyu za su iya zama a tabarma ɗaya, kowa da waya a hannu, amma abin da suke yi ya sha bamban. Ɗaya yana gudu ne cikin filin da wani ya tsara masa. Ɗayan kuma shi ne ke tsara filin: yana aza katanga, yana haƙa rami, yana auna nisan tsalle, yana rushewa yana sake ginawa. Na farko ɗan wasa ne. Na biyu ya fara koyon sana'ar da manyan kamfanoni ke biyan mutane albashi a kanta, ko da shi kansa bai sani ba. Kuma shi ne ya fi buƙatar idonki, domin hanyar da ya hau tana da riba, tana kuma da ramuka.

Mene ne gina zango?

Kowane wasan bidiyo an yanka shi gida-gida. Kana farawa daga nan, ka wuce cikas iri-iri, ka isa can, sannan a buɗe maka na gaba. Kowane yanki shi ne yara ke kira lebul, mu kuma a nan za mu kira shi zango, kamar zangon matafiyi. A wasu wasannin, musamman na fafatawa tsakanin mutane da yawa, taswira suke ce masa.

Wasanni da yawa yanzu suna zuwa da wani sashe na musamman inda ake miƙa wa ɗan wasa kayan aikin gini. A ba shi fili fetal, a ba shi tubala, tsani, ƙofofi, tarkuna da abokan gaba, a ce ya shirya nasa zangon, ya sa nasa dokokin, in ya gama ya ba wasu su gwada.

Kada abin ya zame miki baƙo. Ki tuna lokacin da kuke zana gidajen 'yar gala-gala a ƙasa. Wata ce ke riƙe tsinke ta ja layi. In ta yi gidajen ƙanana ƙwarai, kowa sai ya taka layi, wasa ya watse da gardama. In ta yi su manya-manya, ba wanda zai faɗi, wasa ya yi lami. Wadda ta iya zane ita ce mai samo tsaka-tsaki. Haka yara maza masu haƙa gurabun dara a yashi ko masu gina gareji da laka don motocin kara. Aikin ɗaya ne, wurin yinsa ne ya koma cikin waya.

Abin ya daɗe

Tun 1983 wani ɗalibin jami'a a Amurka mai suna Doug Smith ya fitar da wasan Lode Runner, wanda ya zo da zanguna 150 da kuma wurin da mai wasa zai ƙirƙiri nasa. A 1993 kamfanin id Software ya fitar da Doom, ya kuma ware bayanan zangunan daban da injin wasan don masu sha'awa su iya gina nasu. Dubban mutane suka shiga yi, kamfanoni suka riƙa ɗaukar waɗanda suka fi gwaninta aiki.

Wasu daga cikin shahararrun wasannin duniya ta wannan hanya aka haife su. Counter-Strike ya fara ne a 1999 a matsayin kwaskwarimar da wasu ɗalibai biyu, Minh Le da Jess Cliffe, suka yi wa wasan Half-Life, kafin kamfanin Valve ya saye shi ya kuma ɗauke su aiki. Taswirar da ta fi suna a cikinsa, Dust II, wani matashi ɗan Ingila ne, Dave Johnston, ya zana ta a 2001 bai kai shekara 20 ba, kuma har gobe ana fafatawa a kanta. Dota ya faro a 2003 a matsayin taswira guda da masu wasa suka gina cikin Warcraft III. A 2021, kyautar gasar duniya ta Dota 2 ta haura dala miliyan 40. PUBG ɗin nan da samarinmu ke bugawa, asalinsa wani ɗan ƙasar Ayalan ne, Brendan Greene, da ya fara sauya dokokin wasan Arma 2 a 2013 yana zaune a Brazil, daga baya wani kamfanin Koriya ta Kudu ya gayyace shi suka fitar da wasan a 2017.

Ba kuma harkar maza kaɗai ba ce. Kim Swift tana ɗaliba ita da abokan karatunta suka yi wani ƙaramin wasa a matsayin aikin makaranta a 2005. Valve ya gani, ya kwashe su duka aiki, ita ta jagoranci tsara zangunan Portal da ya fito a 2007, wasan da har yau ake koyar da darasin tsari da shi. Don haka in 'yarki ce ke gini, kada a ce mata wannan ba na mata ba ne.

Ina yaranmu ke samun wannan?

Ga waɗanda za ki fi cin karo da su:

Minecraft. Kamfanin Mojang na ƙasar Suwidin ne ya yi shi, Microsoft ya saye kamfanin a 2014 kan dala biliyan 2.5, kuma zuwa 2023 an sayar da fiye da kwafi miliyan 300. Duniya ce ta tubala masu kusurwa huɗu. Yana da sashen ƙirƙira inda tubala ba sa ƙarewa, ba abin da ke kashe ɗan wasa, gini kawai. Na saye ne a waya, amma bayan an sauke ana iya yinsa ba data. Ga ƙananan yara, wannan ya fi kwanciyar hankali.

Roblox. Ya fito a 2006. Shi ba wasa ɗaya ba ne, kasuwa ce ta miliyoyin wasannin da masu amfani da shi suka ƙera. Ana bugawa a waya, amma ainihin kayan ginin, wato Roblox Studio, sai a kwamfuta. Ki riƙe wannan da kyau: in yaro ya ce miki yana ƙera wasa a Roblox alhali waya kaɗai yake riƙewa, to ko dai yana gini ne cikin wasan wani, ko kuma bugawa kawai yake yi.

Geometry Dash. Wasan tsalle ne da ke tafiya da kiɗa, wani ɗan Suwidin, Robert Topala, ya fitar a 2013. Cikakkensa na saye yana da wurin gina zango a cikin wayar kanta.

Free Fire da PUBG Mobile. Na farko yana da sashen Craftland, na biyu yana da World of Wonder, inda ake gina taswira a raba lambarta ga abokai. Amma ki sani waɗannan wasannin harbe-harbe ne da ake yi tare da baƙi, ba na ƙananan yara ba ne. Ki duba alamar shekarun da ke jikin kowane wasa a Play Store kafin ki yarda a sauke.

Fortnite da Super Mario Maker. Fortnite ya buɗe sashen ƙirƙira a ƙarshen 2018. Super Mario Maker na kamfanin Nintendo ya fito a 2015, na biyunsa a 2019, sai dai shi yana buƙatar na'urar wasa ta musamman.

Scratch. Wannan ba gem ba ne, manhajar koyon ƙera gem ce kyauta da jami'ar MIT ta Amurka ta fitar a 2007 don yara 'yan shekara 8 zuwa 16. Yaro na jera umarni kamar tubala, ya ga abin da ya zana yana motsi.

Darasin da ke cikin zangon farko na Mario

Don ki gane cewa aikin nan na tunani ne, bari mu dubi zango mafi shahara a duniya, na farko a wasan Super Mario Bros. na 1985. Shigeru Miyamoto da Takashi Tezuka na ƙasar Japan ne suka tsara shi, kuma a kan takarda mai gida-gida suka riƙa zana zangunan da hannu kafin a shigar da su na'ura.

Wasan na buɗewa Mario yana tsaye a gefen hagu, gabansa fili a buɗe. Ba rubutu, ba mai cewa "tafi dama", amma ido da kansa ya san inda za a nufa. Sai ga wata 'yar halitta tana tahowa a hankali. In ka tsaya ta taɓa ka, ka mutu, amma ba ka yi asarar komai ba tunda yanzu ka fara. Karo na biyu za ka yi tsalle. Ka koyi tsalle ke nan.

A daidai wurin akwai tubala a sama masu alamar tambaya. In ka buga ɗaya da ka, sai laimar kwaɗi ta fito ta gangara, ta bugi wani koren bututu, ta juyo kanka. Sabon ɗan wasa zai ɗauka ita ma abokiyar gaba ce, ya so tsallake ta, amma tubalan da ke samansa sun rage masa wurin tsalle, sai ta taɓa shi, sai ya ga ya ƙara girma. Ya koyi cewa wannan alheri ce. Can gaba akwai matakala biyu da tazara a tsakaninsu, ƙasan tazarar a cike, in ka faɗa ba komai. Da ka wuce sai ga wasu irinsu, amma wannan karon rami ne a tsakani. An bar ka ka gwada inda ba haɗari kafin a kai ka inda akwai.

Duk wannan cikin abin da bai wuce minti ɗaya ko biyu ba, ba tare da kalma ɗaya ba. Uwar da ta taɓa koya wa 'yarta tuƙa tuwo ta san wannan hikima: ba ranar da baƙi za su zo ake miƙa mata muciya ba, ana farawa ne da 'yar ƙaramar tukunya ranar da ko ya yi gudaji ba wanda zai ji kunya.

Wani daraktan wasannin Mario na baya-bayan nan, Koichi Hayashida, ya bayyana cewa suna bin matakai huɗu a kowane zango: a gabatar da sabon abu a wuri mai aminci, a ƙara masa wuya, a juya shi ta inda ba a zata ba, sannan a rufe da gwajin da zai nuna an iya. In kin lura, haka tatsuniya mai daɗi take tafiya.

Magina na gargajiya sun riga su

Mai tsara zango yana sarrafa abu biyu ne: inda ƙafa za ta bi, da abin da ido zai gani. Ki dubi gidan Bahaushe na gargajiya. Baƙo ya shigo zaure, ƙofar ciki ba ta kallon ta waje, an karkatar da ita. Dole ya tsaya, dole ya yi sallama, kuma idonsa ba zai faɗa tsakar gida ba. Babu allon da aka rubuta "dakata a nan", ginin ne da kansa ya faɗa masa. Wannan shi ne ainihin abin da masu tsara taswirar wasa ke yi idan suka karkatar da lungu don kada ɗan wasa ya hango abin da ke gaba, ko suka sa haske a bakin ƙofar da suke so a bi.

Saboda haka in ɗanki na gini a Minecraft, ba sai ya kwaikwayi gidajen Turawa da yake gani a YouTube ba. Ki ce ya gina miki gidan kakarsa da zaure da rumbu da turken awaki. Ki ce ya gwada Hasumiyar Gobarau ta Katsina, ko masallacin Agadas mai dogon hasumiya, ko wata ƙofa daga ƙofofin ganuwar Kano. Zai dawo yana tambayar ki abubuwan da bai taɓa tambaya ba.

Dokar da ta fi kowace amfani

A Super Mario Maker da Geometry Dash akwai wata doka: ba za ka ɗora zangonka a intanet don wasu su buga ba sai kai da kanka ka bi shi daga farko har ƙarshe ka tsallake. An san halin ɗan Adam, wanzami ba ya son jarfa. Yaro na farko-farko yakan cika zango da tarkuna da dodanni don ya ga abokansa suna faɗuwa yana dariya. Sai dokar ta ce masa, bismillah, fara shiga. Bayan ya faɗi sau talatin a ramin da ya haƙa da hannunsa, da kansa zai rage faɗinsa.

Mataki na gaba ya fi wannan wuya, wato miƙa wa wani ya gwada kai kuma ka yi shiru. Ƙwararru na yin haka kullum: su zaunar da wanda bai taɓa ganin zangon ba, su koma gefe suna kallo, ba sa cewa uffan. In ya ɓata hanya, ba a cewa ba shi da wayo, ana cewa tsarin ne bai nuna masa hanya ba, a koma a gyara. Yaron da ya saba da wannan ya koyi karɓar gyara ba tare da fushi ba, ya kuma koyi kallon abu da idon wani. Manya da yawa har yau ba su iya ba.

Lissafi ba tare da bulala ba

A Minecraft kowane tubali ana ɗaukarsa mita ɗaya ne ta kowane gefe. Ki ce wa yaro ya gina ɗaki mai tsawon tubali 5 da faɗin 4 daga ciki. Daɓen zai ci tubali 20. Katangar da za ta zagaye shi za ta ci 22 a kowane layi, in tsayinta layi 3 ne, 66 ke nan, a cire 2 na ƙofa, saura 64. Yaron da ke hamma in an ce ya buɗe littafin lissafi, a nan shi zai riƙa gyara miki ƙidaya. Akwai kuma wani sinadari a wasan mai suna redstone da ke aiki kamar wayar lantarki, da shi yara ke haɗa ƙofa mai buɗe kanta da fitila mai makunni. A Roblox Studio kuwa, sai an rubuta umarni da harshen kwamfuta mai suna Luau kafin abubuwa su motsa, wanda shi ne mafarin koyon rubuta manhaja.

Abin bai tsaya a wasa ba. Tun 2012 hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da matsugunai, UN-Habitat, ta haɗa kai da Mojang a wani shiri mai suna Block by Block. Ana gina hoton unguwa a cikin Minecraft, a tara mazauna, har da mata da yara da ba a saba jin ta bakinsu ba, kowa ya nuna inda yake son fitila, benci ko filin wasa, sannan masana su ɗauki shawarwarin su yi aiki da su. An fara gwada shi ne a unguwar Kibera da ke Nairobi, daga baya ya bazu ƙasashe da dama.

Zuma ce, amma da harbi

Yanzu ga inda ake buƙatar ki sosai, 'yar'uwa.

*Baƙi.* Yaron da ya gina abu yana son a gani a yaba. Nan ne ƙofar da mugaye ke bi. Wani zai rubuto masa, "Kai gwani ne, zo mu yi aiki tare," sannan ya ja shi zuwa wata manhajar hira kamar Discord ko WhatsApp inda ba mai sa ido. Damuwa kan lafiyar yara ce ta sa ƙasar Turkiyya ta toshe Roblox a watan Agustan 2024. Ki kafa doka tun yau: ba ba da suna na gaskiya, ba hoto, ba sunan makaranta ko unguwa, ba lambar waya, kuma duk wanda ya ce a koma wani wuri a yi hira a ɓoye, a zo a faɗa wa Mama. Ki kuma yi alkawarin cewa in ya faɗa miki ba za ki ƙwace wayar ba, domin tsoron ƙwacewa ne ke sa yara yin shiru.

*Kuɗi.* Wasannin da ake cewa kyauta ne suna da kuɗinsu na ciki: Robux a Roblox, lu'ulu'u a Free Fire. Da kuɗin gaske ake sayensu. A Disambar 2022 kamfanin Epic Games mai Fortnite ya amince ya biya dala miliyan 520 a sasantawa da hukumar kare masu sayayya ta Amurka, kan zargin tattara bayanan yara da kuma tsarin da ke sa mutane sayen abin da ba su yi niyya ba. Kada ki bar katin bankinki a maƙale a Play Store ba tare da kin kunna neman kalmar sirri a kowace sayayya ba. Duk shafin da ya ce zai ba da Robux ko lu'ulu'u kyauta in an shigar da kalmar sirri, damfara ce. Haka ma kwafin Minecraft na bogi da ake turawa ta wasu shafuka, yakan zo da ƙwayar cutar da ke satar bayanan waya, wayar da kuma a cikinta manhajar bankinki take.

*Wahalar banza.* Akwai manya da ke tara yara su gina musu wasa da alkawarin za a raba riba, in aiki ya kammala su kore su. Ba yarjejeniya, ba wurin kai ƙara. Duk maganar aiki da biya, sai da saninki da na mahaifinsa.

*Lokaci.* Gini ma yana cinye dare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya larurar kamuwa da wasan bidiyo cikin kundin cututtukanta da ya fara aiki a 2022. Alamominta uku ne: mutum ya kasa tsayar da kansa, wasan ya sha gaban sauran al'amuran rayuwarsa, kuma ya ci gaba duk da yana ganin illar, yawanci har tsawon wata 12. Yawancin yara ba su kai nan ba, amma in barci ya lalace, sakamakon makaranta ya faɗi, ana fashin Islamiyya, ko ana faɗa in an karɓi waya, to a taka burki. Manhajar Family Link ta Google kyauta ce, tana ba ki damar sa iyakar awanni da lokacin da waya za ta kulle da dare. Roblox ma yana ba iyaye damar haɗa asusunsu da na yaro don taƙaita hira, kashe kuɗi da irin wasannin da zai shiga.

Za a ci abinci da shi?

Yaro zai zo miki da labarin wane da ya zama miloniya da Roblox. Gaskiya ne ana biya, amma ga sharuɗɗan. A Roblox sai mutum ya kai shekara 13 kuma ya tara aƙalla Robux 30,000 da ya samu daga aikinsa kafin ya iya canza su zuwa kuɗi, kuma mafi yawan masu gini ba sa kaiwa nan. A Fortnite sai ɗan shekara 18 ake biya. Waɗanda muka ambata a sama, da suka tashi daga ɗakin kwanansu zuwa manyan kamfanoni, 'yan ƙalilan ne cikin miliyoyi.

Abin da ya tabbata shi ne gwanintar da ke saura a hannu: tsara aiki, lissafi, rubuta umarnin kwamfuta, haƙurin gyara. Waɗannan suna amfani ga mai zanen gine-gine, injiniya, malamin makaranta, har da tela. Sana'ar ƙera gem ɗin kanta ta fara tsayuwa a nahiyarmu: akwai Maliyo Games a Legas tun 2012, akwai Kiro'o Games a Yawunde da ya fitar da wasan Aurion a 2016. Amma duk wanda ya je can da karatunsa ya je. Gini ƙari ne a kan makaranta, ba madadinta ba.

Gwajin da za ki yi a wannan makon

Ba sai kin iya gem ba, ba kuma sai kin sayi komai ba.

1. Ki nemi a zagaya da ke. Ki ce, "Nuna min abin da ka gina." Mai gini zai yi ta zuba har sai kin gaji. Wanda bugawa kawai yake yi zai rasa abin nunawa. Nan take kin samu amsarki.

2. Takarda kafin waya. Ki ba shi littafin lissafi mai gida-gida da fensir. Ya zana mafari, ya zana maƙura, ya sa cikas uku kacal a tsakani, daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Sai ya gama zane zai karɓi waya. Wannan kaɗai zai rage zaman kallon waya, ya kuma tanada miki data da caji.

3. Abu ɗaya a zango ɗaya. In tsalle ne, tsalle. In neman mabuɗi ne, neman mabuɗi. Miyar da aka zuba wa kowane kayan ƙamshi ba ta da ɗanɗano.

4. Ƙani ko ƙanwa su gwada, mai gini ya yi shiru. Ya riƙe fensir ya sa alama duk inda aka faɗi ko aka rikice. In mutum biyu sun faɗi a wuri ɗaya, wurin ne ke da gyara.

5. Ki yi tambaya uku. Me kake so mai wasa ya koya a nan? Ina ne ya fi wuya, kuma me ya sa? Me za ka canza gobe?

6. A yi a tsakar gida ko falo, inda kowa ke wucewa, da lokacin farawa da na tashi da aka yi yarjejeniya a kai tun kafin a kunna.

In ma babu waya ko babu wuta, a fita tsakar gida da gawayi, da kujeru 'yan tsugunno, da igiyar shanya, yara su shirya zangon tsalle-tsalle da ƙafarsu. Darasin bai canza ba.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wayar nan ta riga ta shigo gidajenmu, kuma yaran da ke riƙe da ita kashi biyu ne: masu cinye abin da wasu suka ƙera, da masu koyon ƙerawa. Uwa ba za ta iya zaɓa wa ɗanta baiwa ba, amma tana iya lura da inda ta ɓullo, ta kare ta daga masu cuta, ta kuma sa mata iyaka.

Ke fa, uwargida, wane gem yaranki suka fi yi, kuma kin taɓa ganin abin da suka gina? Wace dabara kike bi wajen raba su da waya ba tare da kuka ba? Ki ajiye mana a sashen sharhi da ke ƙasa, wata uwar za ta ƙaru da ke. Sai dai don Allah kada a sa sunan yaro, hotonsa ko sunan da yake amfani da shi a wasa.